Idan Jini Ya Fita Daga Jiki, Wa Ke Gadinsa?

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa daga Gwandu ko Kalgo zuwa wankin ƙoda ya ga yadda jini ke fita ta tiyo, ya ratsa na'ura, ya koma jiki. ECMO babbar yayar wannan na'ura ce: takan karɓi aikin huhu, wani lokaci har da na zuciya. A 1971 aka fara ceto baligi da ita a Amurka.

Kimanin lita 4 na jini ke bi ta tiyon ECMO a minti guda. In mahaɗi ya kwance wajen juya majinyaci, ko iska ta shiga, kafin ƙiftawar ido an yi asara. Shi ya sa kafin a motsa shi ake ware mutum ɗaya ya riƙe tiyo, ɗaya ya ba da umarni da ƙarfi, sauran su maimaita. Nas ɗin da ta kwana tsaye kuma ta miƙa aiki a rubuce, don gajiya na sa mantuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Dole ƙaramin ma'aikaci ya iya ce wa babban likita, "Ranka ya daɗe, a dakata," kuma a saurare shi.