Ajiyar Ɗanyen Nama a Ƙasar Kunci

Turawa suna da wata sana'a ta shafe cinyar alade da gishiri su rataye ta watanni, nama ne kuwa da shari'a ta haramta mana, amma hikimar da ke cikin aikin ba baƙuwa ba ce a ƙauyukan Kunci, inda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, ranar layya kuma nama yakan fi ƙarfin tukunya. Malamai sun bayyana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa hana ajiye naman layya fiye da kwana uku, daga baya ya yi rangwame, saboda haka ajiya halal ce.

Asalin ɓacin nama danshi ne da zafi, domin a cikinsu ƙwayoyin cuta suke hayayyafa. Shi ya sa mahauci yake feɗe tsoka fale-fale har ana hango hasken rana ta cikinta, ya shanya, ya tsoma a laɓu na tunkuza da citta da barkono da gishiri, ya sake shanyawa, kana ya gasa, ya zama kilishi mai gina jiki da ƙara jini. Mata kuwa sukan tafasa, su soya har ruwan ya ƙone ƙurmus.

A shekarun nan Babbar Salla tana faɗowa kusa da farkon damina, shanya ba ta bushewa da wuri, ƙuda sun yi yawa. Naman da ya fara yauƙi ko wari, lalle a zubar da shi, kada a ba yara da sunan yaji zai gyara.