In Mota Ta Ratse Gidan Mai

 Yau hirar tamu kan shan mai ce. Na san wata za ta ce, "Ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa, ina ruwana da gidan mai?" Da ruwanki, uwargida. Mu da ke cikin kulle ba ma fita sai da dalili mai ƙarfi: awo, rigakafin yara, gaisuwar rasuwa, ko naƙuda ta zo da gardama. Minti ashirin ɗin da namiji zai ɓata a layin mai yana hira, a wurinmu yana iya zama babban lamari.

A ce kin fito daga Dagumawa za ki asibitin Wudil, ko an tura ku Kano. Mota ta cika, an tashi, ba a yi nisa ba sai direba ya ratse gidan mai. Ga zafi, ga goyo, kowa na tsaki. Ba mugunta ba ce. Yawancin direbobin haya ba su da jarin cika tanki, sai sun karɓi kuɗin fasinja sannan su sha mai. Abin ya ƙaru tun 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Don haka in tafiyar ta gaggawa ce aka ɗauki shatar mota, ki tuna wa maigida ya ba direba kuɗin mai tun da wuri, ya sha kafin ya zo ƙofar gida. Balle ranar Juma'a da kasuwar Wudil ke ci, hanya cike da motocin shanu.

Idan direba ya kashe mota a gaban famfo, kada ki ji haushi don iska ta ɗauke, ƙa'ida ce. Wanda ya bar inji na aiki shi ne abin yi wa magana. Mai juna biyu kuwa, warin fetur na tayar mata da zuciya. Kunya ba ta maganin amai, 'yar uwa. Ki ce, "Malam direba, don Allah zan sauka in sha iska," ki koma inuwa nesa da famfo, ki riƙe hannun yara, don motoci da babura na kutse ta ko'ina.

In motar gida ce, ki taya maigida ko ɗanki kallon mita, ta koma sifili kafin a fara zubawa. A kuma riƙe tsabar kuɗi da ƙananan canji, domin na'urar POS da taransifa kan maƙale in babu sabis, ka sha mai ka rasa yadda za ka biya.

Inda na fi so mu tsaya shi ne dare. Gidajen mai da yawa na wajen birni suna rufewa da daddare, sai 'yan bumburutu masu galan a bakin titi. Suna fid da mutum kunya, gaskiya ne, amma nasu ya fi tsada, wani lokaci kuma akan samu gauraye ko datti, mota ta yi ta shaƙewa a hanya da mai naƙuda a ciki. Da cikinki ya shiga wata takwas, ku zauna da maigida a san motar wa za a kira, a ajiye lambarsa, a ba shi kuɗi mai ya zauna a tankinsa.

A tanki na ce, ba a ɗaki ba. Wasu kan ajiye jarkar fetur a ƙarƙashin gado saboda babur, janareto ko injin niƙa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe har ya iske murhu, fitila, ko kaskon turaren wutarki, ko da jarkar na can gefe. Mun ji abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, da tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. In dole sai an ajiye, ya zama kaɗan, a rufe gam, a inuwa, nesa da madafi. Wutar fetur kuma ba a watsa mata ruwa, yaɗuwa take yi. Yashi ake zubawa.

Kada a zuba shi a robar ruwa ko kwalbar lemo, yaro mai ƙishi ba ya tambaya. In tsautsayi ya sa ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin yana iya komawa huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa jiki, a wuce asibiti nan take.