Allon Na'ura da Ƙaramar Ƙwaƙwalwa: Ɗigo Nawa Take Iya Ɗauka?

A shafinmu na yau za mu tattauna a kan wata tambaya wadda masu ƙera na'urori da ɗalibai masu koyon aikin lantarki suka saba yi. Tambayar ita ce: idan ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura tana da mai tafiyar da allo a cikin jikinta, to, ɗigo nawa ne iyakar abin da take iya nunawa? Maganar tana da muhimmanci, domin wanda ya kuskure lissafi a nan zai zuba kuɗinsa a kaya masu tsada, ya share watanni yana haɗawa, daga ƙarshe hoton ya fito yana rawa, ko kuma ya ƙi fitowa sam.

Mece ce ƙaramar ƙwaƙwalwa?

Abin da masana ke kira mikrokontrola wani ɗan guntu ne baƙi, galibi bai fi farcen babban yatsa ba, wanda aka haɗa sashen lissafi da rumbun ajiya da ƙofofin shiga da fita duk a cikinsa. A 1974 kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fara sayar da irin wanga guntu mai suna TMS1000. Yau kuwa yana cikin mitar kuran, da na'urorin awo na gidan likita, da akwatin da ke lura da cajin batur mai aiki da hasken rana.

Shi kuma allon da ake kira LCD, asalinsa wani sinadari ne da ke tsakanin ruwa da daskararren abu. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Friedrich Reinitzer, shi ya gano shi a 1888. Sai a 1968 ne kamfanin RCA na Amurka ya nuna wa duniya allon da aka yi da shi, bayan aikin George Heilmeier da abokansa.

Allon iri biyu ne. Akwai mai sanduna, irin na agogon hannu da ɗan injin lissafi, wanda ake ƙirga sandunansa: ATmega169, alal misali, tana tafiyar da sanduna 100, STM32L152 kuma har 320. Akwai kuma mai ɗigo-ɗigo, wanda ke nuna hoto mai launi, kuma a kansa maganarmu take. Ana faɗin ƙarfinsa da lambobi biyu: yawan ɗigon da ke cikin layi guda, da yawan layukan. Allo mai 320 sau 240 yana da ɗigo 76,800 ke nan.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, irin wanga allo idan tsurarsa ne, ba ya ajiye hoto. Dole a riƙa aika masa da hoton gaba ɗaya, ɗigo bayan ɗigo, layi bayan layi, kamar manomi yana bin kunyoyin gona, ya kai ƙarshe ya komo farko, wajen sau 60 a cikin sakan guda. Wannan shi ne aikin mai tafiyar da allo: ɗebo hoton daga rumbu da miƙa shi ga allo ba tsayawa.

Iyaka ta farko: abin da maƙera suka rubuta

Kowane kamfani yana rubuta iyakar kayansa a takardar bayani. Kamfanin STMicroelectronics, wanda aka kafa a 1987 bayan haɗewar SGS na Italiya da sashen Thomson na Faransa, ya fitar da STM32F429 a 2013, ya kuma rubuta cewa tana kaiwa 1024 sau 768. Wannan shi ne ma'aunin da ake kira XGA, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1990. Kamfanin NXP na ƙasar Holan, wanda ya fita daga jikin Philips a 2006, shi ma 1024 sau 768 ya rubuta wa LPC1788. Daga baya, a 2017, ya fitar da i.MX RT1050 wadda ke kaiwa 1366 sau 768.

To, amma ganin wannan lamba a takarda bai isa mutum ya garzaya kasuwa ba. Lambar tana nuna abin da mai tafiyar da allon yake iyawa idan komai ya cika masa. Akwai sauran iyakoki biyu, kuma galibi su ne ke fara tare hanya.

Iyaka ta biyu: girman rumbu

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin a aika hoto sai an ajiye shi, kuma kowane ɗigo yana cin wuri. Ma'aunin ajiya shi ne oktet, wato bit takwas. Idan aka ba ɗigo oktet 2, za a sami launi 65,536. Idan aka ba shi oktet 3, launin ya haura miliyan 16.

Bari mu yi lissafi da oktet 2. Allo mai 320 sau 240 yana bukatar oktet 153,600. Mai 480 sau 272 yana bukatar 261,120. Mai 800 sau 480 yana bukatar 768,000. Mai 1024 sau 768 kuwa, wanda ke da ɗigo 786,432, sai an tanadar masa oktet 1,572,864.

Yanzu mu duba rumbun STM32F429. Girmansa kilo-oktet 256 ne, kuma 64 daga ciki an keɓe wa sashen lissafi, mai tafiyar da allo ba ya iya isa gare su. Saura 192 ke nan. Wannan ya ishi hoton 320 sau 240, amma bai ishi 480 sau 272 ba, balle 1024 sau 768 wanda ya ninka shi sau takwas. Saboda haka wanda yake son babban allo tilas ya ƙara wani rumbu a waje, irin wanda ake kira SDRAM. Shi kansa kamfanin, a katakon gwaji da ya yi wa wagga ƙwaƙwalwa, allo mai 240 sau 320 kawai ya sanya, duk da haka ya ƙara mata rumbun waje mai mega-oktet 8. Bugu da ƙari, idan ana son hoto ya canza sumul, akan ajiye biyu, ana zana ɗaya ana nuna ɗaya, wato bukatar ta ninka.

Iyaka ta uku: faɗin hanya

Rumbu ko ya cika, idan ƙofarsa ƙarama ce, masu ɗiba sai sun yi layi. A nan ne da yawa suke tuntuɓe. Allo mai 1024 sau 768, bisa ma'aunin da aka saba, yana karɓar ɗigo a kan bugu miliyan 65 a sakan, domin bayan ɗigon da ido ke gani akwai ɗan hutu a ƙarshen kowane layi da kowane hoto, wanda ya mayar da lissafin 1344 sau 806. Idan ɗigo oktet 2 ne, ana nuna hoto sau 60, to abin da za a ɗebo daga rumbu ya haura oktet miliyan 94 a kowane sakan.

STM32F429 tana tafiya da bugu miliyan 180 a sakan, rumbunta na waje kuma da rabin haka, wato miliyan 90. Idan hanyar da ta haɗa su mai waya 16 ce, iyakar abin da ke iya bi ta cikinta oktet miliyan 180 ne a sakan, kuma a aikace ba a cika kai wannan adadi. Allon kaɗai ya cinye fiye da rabi ke nan, alhali sashen lissafi shi ma ta nan zai bi ya zana sabon hoto. Idan aka ce ɗigo ya ci oktet 4, bukatar ta kusa miliyan 189, ta fi ƙarfin hanyar baki ɗaya. Hakanan mai tafiyar da allon nata yana iya ɗora hoto biyu, ɗaya bisa ɗaya, kuma kowanne da nasa ɗiba. Da zarar ɗigo ya makara, allon ba ya jira: sai a ga layuka suna gocewa, hoto yana tsagewa. Maganin shi ne a faɗaɗa hanyar ta zama mai waya 32, amma wannan yana cin ƙafafun guntun, ga shi allon da kansa yana ɗaukar har 28: guda 24 na launi, 4 na daidaita lokaci.

Dabarun masu sana'a

Masu aikin sun san hanyoyin rage nauyi. Ana iya ba ɗigo oktet 1 kacal, a zaɓi launi 256, sai hoton 480 sau 272 ya koma oktet 130,560, ya shiga rumbun ciki ba tare da sayen na waje ba. Ana iya rage yawan maimaita hoto gwargwadon abin da takardar allon ta yarda. Ana kuma iya sayen allo mai nasa rumbu, kamar masu guntun ILI9341 mai ɗaukar 240 sau 320, inda ƙwaƙwalwar ba ta aika komai sai abin da ya canza. Idan kuwa aikin yana bukatar 1920 sau 1080, wato ɗigo 2,073,600, galibi ya fi ƙarfin ƙaramar ƙwaƙwalwa, sai a nemi babba irin ta wayar salula ko Raspberry Pi.

Shawararmu ga matasa masu koyon wagga sana'a a lakkol da wuraren gyara ita ce, kafin su fitar da ko dala, su ɗauki alƙalami su amsa tambayoyi huɗu. Ɗigo nawa aikin yake bukata da gaske? Oktet nawa hoton zai ci, kuma ina za a ajiye shi? Oktet nawa za su bi hanya a sakan, kuma me zai rage wa sashen lissafi? Ƙafafun guntun za su isa? Na'urar da aikinta nuna zafin jiki ko cajin batur ne, ƙaramin allo mai rubutu ɓaro-ɓaro ya wadatar da ita, ya fi arha, ya kuma fi tattalin wuta. Allah shi ba mu ilimi mai amfani.