Sirdin keke marar hanci: wa ya kamata ya saye shi?

Ɗan uwa mai karatu, in kana hawan keke kullum, ka san abin da za mu faɗa. Bayan tafiya mai nisa sai ka sauka ka ji tsakanin cinyoyinka ya sage, wani lokaci har da zafi wajen fitsari. Kunya takan hana mutane faɗi. Sai su naɗe sirdi da tsumma ko soso, ciwo kuwa yana nan.

Ga dalili. Ƙasusuwa biyu ne a ƙarƙashin ɗuwawu da Allah ya yi domin ɗaukar nauyin mai zama. Tsakaninsu, zuwa gaba, nama ne mai taushi, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke bi. In ka sunkuya bisa keke, hancin sirdi nan yake dannawa, jini ya ragu. Soso mai yawa yana ƙara ɓarna, don ƙasusuwan suna nutsewa ciki, tsakiya ta taso ta danne naman.

Shi ya sa aka ƙera sirdi marar hanci, mai fāɗi a baya, gabansa a datse. A Amurka an gwada shi ga ƴan sanda masu sintiri bisa keke, aka ga sagewar ta ragu. A 2009 hukumar ƙasar mai lura da lafiyar ma'aikata ta ba masu aiki bisa keke shawarar amfani da shi.

Kafin ka saya, auna kanka. Ɗora kwali bisa benci, ka zauna da ƙarfi, ka tashi. Za ka ga rami biyu. Auna tsakaninsu, ka ƙara wajen santimita 2. Faɗin sirdin da za ka nema ke nan. Na mata yawanci ya fi na maza faɗi.

Amma a lura. Hancin nan ba ado ba ne, da shi cinya take riƙe keke in ya karkace. Mai bin kwalta daga Tibiri zuwa Maraɗi, ko daga Mirriya zuwa Damagaram, yana zaune a miƙe, zai ji daɗin marar hanci. Wanda yake ratsa rairayi da buhun hatsi a baya, a ganina ya yi hankali, gama nauyi zai koma bisa hannuwansa, keke kuma ya riƙa kufce masa. Shi gara ya nemi sirdi mai tsaga a tsakiya. Kada kuma a sa zarto a yanke hancin tsohon sirdi, ƙarafan da suka riƙe shi a nan suka haɗu.

Wajen ɗaurawa, ka ce wa mai gyara ya daidaita shi sosai, kada gabansa ya ɗaga. Tsawo kuwa, in ka sa diddige bisa feda tana ƙasa, ƙafa ta miƙe. Ka ba jiki mako biyu ya saba. In sagewar ta kwana ba ta wuce ba, a tafi gidan likita.