Me Ya Sa Tsohon Ƙaramin Babur Yake Zabura?

'Yan'uwa manoma, da yawa cikin ƙungiyoyinmu sun sayi tsofaffin babura domin kai amfanin gona kasuwa da ɗauko taki. Mun lura cewa sabon mahayi yakan raina irin wannan babur don ya gan shi ƙarami, fentinsa ya koɗe. Ran da ya murɗa totur, sai babur ya zabura kamar ɗan maraƙi, wani lokaci har ya kā da shi. Bari mu duba dalilai uku.

Na farko, irin injin. Yawancin baburan yanzu, kamar Bajaj Boxer, injinsu mai bugu huɗu ne, wato sai inji ya juya sau biyu kafin fulogi ya ƙona mai sau ɗaya. Amma tsofaffi irin su Suzuki AX100 da Jincheng da aka ƙera bisa tsarinsa, da Yamaha RX100 wanda aka yi a Indiya daga 1985 zuwa 1996, masu bugu biyu ne. Kowane juyi sai an ƙona mai, an tura fistan. Ana gane su da hayaƙi da ƙarar salansa, kuma suna ƙona baƙin mai tare da fetur. Irin wannan inji ba ya ba da ƙarfinsa a hankali. Yakan yi sanyi da fari, in juyinsa ya hau sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya.

Na biyu, rashin nauyi. Yamaha RX100 yana da ƙarfin doki wajen 11, nauyinsa kuwa wajen kilo 100 ne. In mutum mai kilo 70 ya hau, kowane doki yana jan kilo 15 da 'yan kai. In aka ɗora buhun taki biyu masu kilo 50, kowane doki zai ja kusan kilo 25. To, a nan haɗarin yake. Manomi ya kai taki gona, hannunsa ya saba da murɗa totur da ƙarfi. Da ya sauke kaya ya juyo, babur ya zama wani dabam, hannu kuwa bai manta ba.

Na uku, giya. An shirya giya ta ɗaya domin tashi da hawan tudu. Inji yakan juya sau da yawa kafin taya ta juya sau ɗaya, saboda haka ƙarfin da ke isa ƙasa yana da yawa. In an saki kuloci farat ɗaya, musamman da kaya a kan kariya, tayar gaba takan ɗaga.

Abin da ya fi damunmu shi ne, birkin waɗannan babura bai kai saurin tashinsu ba. Birki ne na cikin ganga, mai saurin cinyewa, ga tayoyi sirara. Ku tuna da wannan lissafi: in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata kafin a tsaya takan ninka huɗu. A kan yashi ko tsakuwa abin ya fi haka.

Don haka ga shawararmu. A saki kuloci a hankali, a ƙara totur kaɗan kaɗan. A ɗaure kaya kusa da mahayi, kada nauyi ya koma can baya. A duba birki da sarƙa kowane mako, kada kuma a bar baƙin mai ya ƙare, gama injin zai kama. A sa hular kwano ko da gona za a je. In babur na ƙungiya ne, kada a ba wa yaro ko sabon hannu sai ya koya a fili, nesa da kasuwa da makaranta.

Karyewar ƙafa a tsakiyar damina asarar noman shekara ce ga gida duka. Allah ya kiyaye hanya.