Me ya sa 'yan wasa ke fushi idan aka rage wa gwarzonsu ƙarfi?

A wasannin intanet na gasa da ɗan wasa ke zaɓar gwarzon da zai sarrafa, kamfanoni kan rage ƙarfin duk gwarzon da ya fi sauran nesa ba kusa ba. Idan aka bar shi haka, kowa shi zai ɗauka, wasan ya zama salo ɗaya.

Misali shi ne Mercy, likitar wasan Overwatch da kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2016. Da farko tana iya tayar da abokan wasanta har biyar da suka faɗi a lokaci guda. A Satumban 2017 aka sauya ta, ta koma tayar da mutum ɗaya duk bayan daƙiƙa 30, aka ƙara mata ikon tashi sama. Sai ƙarfinta ya ƙaru, har kusan babu ƙungiyar da ke fita ba ita. Daga nan aka shiga rage mata. A 2018 warakar da take bayarwa ta sauko daga maki 60 zuwa 50 a daƙiƙa. Masoyanta suka yi ca a Twitter suna neman a sake fasalinta.

Fushin yana da tushe. Ɗan wasa ya ɓata watanni yana ƙwarewa, wataƙila ya sayi kayan adon gwarzon da kuɗinsa, kuma matsayinsa a jadawalin gasa ya dogara da shi. Su kuwa kamfanoni alƙaluma suke dubawa: sau nawa ake zaɓar gwarzo, sau nawa yake cin wasa. Duk hukuncin da suka yanke, sai ya ɓata wa wani ɓangare rai.