3.4 Sarrafa Ashar da Aka Tace a Fassarar Ƙasan Fim

Fassarar ƙasan fim ita ce rubutun da ke bayyana a ƙasan hoto domin isar da abin da ɗan wasa yake faɗa. Tun bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa a 1993 da kuma ta Jihar Kano a 2001, ya zama dole a duba fim kafin a sake shi kasuwa. Idan aka ci karo da ashar, akan kashe muryar ko a rufe ta da ƙara. A nan ne mai fassara kan shiga tsaka-mai-wuya. In ya rubuta kalmar, ya maido da abin da aka cire. In kuwa ya bar wurin fayau, kurma da wanda ba ya jin Hausa sun rasa zaren labarin.

Akwai hanyoyi uku da ake bi:

(a) Ɗige-ɗige: a rubuta farkon maganar a bar sauran, misali "Kai, ɗan ...!"

(b) Sakayawa: a kawo kalma mai sauƙi a madadinta, kamar yadda Bahaushe kan ce "buhun uba" don kauce wa batsa.

(c) Bayani: a rubuta "ya yi ashar" a cikin baka.

Sai dai kafin a zaɓi ɗaya, wajibi ne a san aikin da ashar ɗin ta yi a wurin. A Katsinanci, kamar yadda ake jin sa a Dutsin-Ma da Kurfi, ba kullum ashar ke nufin zagi ba. Takan fito wajen mamaki ko yaba bajinta ko wasa tsakanin abokai da taubasai. Ɗalibin da ba Bahaushe ba a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, in ya karanta "ya yi ashar" alhali 'yan wasan dariya suke yi, zai ɗauki raha a matsayin faɗa. Haka nan daƙuwa ba ta kasuwa da kashe murya, domin ido na ganin yatsun.

Saboda haka wannan nazari yana ganin ɗige-ɗige ko bayani sun dace da zagi na haƙiƙa, sakayawa kuwa ta fi dacewa da mamaki da wasa.